Yadda ake kare ƙwayar magani daga danshin Legas, tun daga kanti har zuwa baki

A watan Yulin wata shekara, ana tsakiyar ruwan nan na Legas da ke kwana uku bai ɗauke ba, wani dattijo maigadi ya shigo shagon maganin da nake aiki a Agege. Ya zaro wata farar leda daga aljihun gaban rigarsa, ya kwance ƙullin da haƙori, ya shimfiɗa ta a kan kanta. Abin da ke ciki ya fi kama da allin makaranta da ya sha ruwa: fari da ruwan ɗorawa da wani ja-ja, duk sun cure wuri guda.

"Yaro, duba mini. Wanne ne na hawan jinin a nan? Na ciwon gwiwar nake so in daina."

Na ce, "Baba, ai yanzu ko wanda ya yi su ba zai iya rabewa ba. Ina kwalayensu?"

"Kwali kuma? A haka aka ba ni."

Ban ga laifinsa ba, ban kuma iya zagin wanda ya ba shi ba, domin ni ma na yi. Farkon zuwana Ikko a kemis ɗin kawuna na zauna, kuma a tafin hannu muke ƙirga ƙwaya, mu naɗe a takardar tsohon littafin makaranta, mu karɓi kuɗi da hannun nan dai, mu juya ga na gaba. Sai da na koma aiki a ƙarƙashin mai harhaɗa magunguna na gane irin ɓarnar da muka riƙa yi ba da sani ba.

Matsalarmu mutanen Arewa a nan ita ce, da al'adar busasshiyar ƙasa muka taho. A Kano ko Sakkwato, ka ƙulla farasitamol a takarda ka jefa a aljihu lokacin hunturu, bayan wata guda za ka same shi ƙalau a ido. Legas kuwa tsakanin teku da tafki take zaune. Garin da gishiri ke jiƙewa a cikin kwano, ashana ta ƙi kamawa, takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado ya yi fumfuna cikin mako biyu, me kake zaton iskarsa za ta yi wa ƙwayar da aka yi ta musamman don ta narke da zarar ta gamu da ruwa?

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Maganin da za a sayar a ƙasashe masu zafi da danshi ana gwada shi ne a zafin 30°C da danshin kashi 75 cikin 100, na tsawon watanni, yana cikin mazubin da kamfani ya sa shi. Daga sakamakon gwajin ake yanke ranar ƙarewar wa'adinsa. Wato ranar nan da ke jikin kwali alkawari ne a kan ƙwayar da ke cikin gidanta. Ka fitar da ita ka zuba a leda, alkawarin ya tashi, ko da kwalin ya ce saura shekara biyu.

Mataki na farko: tun kafin ka biya kuɗi

Fara da wurin sayen. Maganin da ake talla a cikin danfo, ko a faranti a ka, ko a baje a tashar mota, ya riga ya sha rana da ruwa da hayaƙi kafin ya iso gare ka, ko da na gaske ne. Doka ma ta hana sayar da magani a cikin mota da tasha da bakin titi. Nemi famasi ko kemis mai lasisin PCN, hukumar da ke sa ido kan masu harhaɗa magani da masu sayar da shi, lasisin da akan rataye a bango inda kowa zai gani. Ka kuma sani cewa ƙa'idar lasisin kemis ita ce ya sayar da magani a cikin mazubinsa na asali, yadda kamfani ya rufe shi. Buɗe babban gwangwani a ƙirga aikin famasi ne da asibiti.

In an miƙo maka, kada ka yi sauri. Juya kwalin ka nemi lambar rajistar NAFDAC, da lambar rukuni wadda akan rubuta BN ko LOT a gabanta, da watan da aka yi shi, da kuma EXP, wato ƙarshen wa'adi. In ka ga EXP 06/2027, maganin yana da wa'adi har ƙarshen watan Yunin 2027. Sannan ka buɗe kwalin a gaban mai shago ka gwada: lambar rukuni da wa'adin da ke jikin katin ciki su zo daidai da na kwalin waje. In sun saɓa, mayar masa.

Kwalayen maganin zazzaɓin cizon sauro da wasu na kashe ƙwayoyin cuta suna zuwa da wani wuri mai ruwan toka da ake kankarewa kamar katin waya. Tun 2010 NAFDAC ta fara wannan tsari. Ka kankare, ka tura lambar ta saƙon tes zuwa gajeriyar lambar da aka rubuta a gefe, amsa za ta dawo ta gaya maka ko na gaske ne. Yi wannan kana tsaye a shagon, ba sai ka koma gida ba. In ka tarar an riga an kankare, ka bar shi.

In kwalba ce, duba zoben da ke ƙasan murfi ko takardar da aka liƙe bakinta da ita. Wannan liƙi yana da tarihi mai ɗaci: a 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Shikago na Amurka bayan wani ya zuba guba a cikin kafson Tylenol ya mayar kan kanta. Daga nan aka tilasta rufin da zai nuna in an taɓa buɗe shi. Zoben da ya tsinke ko liƙin da ya ɗago ba abin a ce "ba komai" ba ne.

Mataki na biyu: gane irin gidan da aka yi wa ƙwayar

Ba don ado kamfani ke bambanta mazubi ba, kuma in ka iya karanta mazubin, ya gaya maka abin da maganin ke tsoro.

Katin da aka fi sani shi ne mai roba garai-garai a gaba, kana hango ƙwayar, bayansa kuma takardar alminiyon. Yana tare ƙura da hannu sosai, amma danshi yana ratsa robar a hankali, shi ya sa barin sa a cikin kwalinsa ya fi. In robar ruwan ƙasa ce ko ja mai duhu, maganin ba ya son haske. Nifedifin na hawan jini yana cikin irin waɗannan.

Akwai kati mai alminiyon gaba da baya, wanda ba ka ganin ƙwayar sam. Wannan ya fi tsada, kuma ba a ɓata shi a kan maganin da ba ya buƙata. In ka gan shi, ka san ƙwayar ciki ba ta jure danshi ko kaɗan. Augmentin da danginsa masu haɗin amoksilin da kilabulanik haka suke zuwa, wasu ma da ƙarin jakar alminiyon a waje. Misoforostol da ungozomomi ke amfani da shi don tsayar da jini bayan haihuwa shi ma haka: ya sha iska, ƙarfinsa ya ragu, kuma ba ranar da za a gane sai ranar da ake neman sa ido rufe.

Sai kwalba. Yawanci za ka tarar da ɗan ƙunshi ko ɗan gwangwanin roba a ciki mai ƙananan duwatsu kamar gero. Aikinsa shanye danshi. Kada ka jefar, kada kuma ka bari yaro ya samu. Audugar da ke bakin kwalba kuwa akasin haka ce: an sa ta ne don kada ƙwayoyi su farfashe a hanya, da ka buɗe sai ka cire ta, domin daga nan danshi za ta riƙa jawowa.

Mai ciwon zuciya da ke da ƙwayar nan ta ƙarƙashin harshe, naitirogilisarin, ya bar ta a ƙaramar kwalbarta ta gilashi da murfinta a ɗaure. Sinadarinta yana tashi a iska, roba kuma tana shanye shi.

Mataki na uku: in kuɗinka bai kai na kwali guda ba

Wannan shi ne halin yawancinmu, ba abin kunya ba ne. Mai tura baro a kasuwa ba kullum zai iya sayen kwali cikakke ba. To amma yankan kati yana da ƙa'ida.

Kada a ɓalle maka ƙwayoyi daga kati a zuba a leda. A yanka da almakashi, ta tsakiyar filin da ke tsakanin rami da rami. In almakashi ya ci gefen liƙin wani rami, ko da bai huda ba, iska ta samu ƙofa. Wannan ƙwayar ita za ka fara sha, ko ka ce a canza maka. Yawancin katuna a gefe ɗaya kawai ake buga wa'adi da lambar rukuni, saboda haka rabin da aka yanko yana iya zuwa ba suna ba wa'adi. Ka roƙi a ba ka gefen da ke da rubutun. In wani ya riga ka, a sa guntun a ambulan a kwafe maka sunan da ƙarfin da wa'adin daga kwalin, kana kallo.

A gida kuma ka fara ɓallewa daga gefen da babu rubutu, yadda wa'adin zai zauna har ƙwayar ƙarshe. Ƙaramar dabara ce, amma ta sha fitar da ni.

Akwai magungunan da ba a saye rabi ko da za a yanka da kyau. Na zazzaɓin cizon sauro irin Coartem an tsara katinsa a kan a sha sau shida cikin kwana uku: na biyu bayan awa takwas da na farko, sauran safe da yamma, tare da abinci mai ɗan maiƙo. Katin shi ne lissafin. Haka ƙwayar tazarar haihuwa, wadda aka jera kwana-kwana da kibiya. Ki ɓalle su ki zuba a kwalba, kin rasa wacce ke bin wacce. In kuɗi bai kai ba, a tambayi mai shago ko akwai na wani kamfani mai rajista da ya fi sauƙi.

Mataki na huɗu: ga wanda ke bayan kanta

Nan zan daɗe, don nan ne ƙazanta ta fi shiga.

Hannun mai shago ya taɓa kuɗi, ya taɓa waya, ya gaisa da mutum goma, ya share gumi. Kowa ya san yadda takardar naira ɗari ke komawa bayan ta zaga kasuwa. Ƙa'idar ita ce yatsa ba ya taɓa ƙwaya, ko an wanke shi. Wanke hannu da sabulu, ka tsane shi sarai, domin jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe ɓarna, sannan ka yi aiki da farantin ƙirga da ɗan cokalinsa. In ba ka da shi, ƙaramin faranti da cokali na silba da ba a komai da su sai wannan aikin sun wadatar. Zuba kaɗan a faranti, ja biyar-biyar da cokali, tura cikin ambulan, ragowar ta koma gwangwani ba tare da ta bi ta hannu ba.

Bayan kowane magani a goge farantin da auduga da sifirit, a bari ya bushe kafin a zuba wani. Dalilin ya wuce tsabtar ido. Ƙwayar da ba ta da rufi tana barin gari. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar dangin fenisilin ko na salfa irin Septrin, kuma ɗan garin da ya manne a jikin farasitamol ya isa ya tayar musu da ƙuraje, ko kumburin fuska, ko sarƙewar numfashi. Wanda ya koya mini aiki faranti biyu yake ajiyewa, ɗaya da jan fenti a gindi, na dangin fenisilin kaɗai.

Sai abin da za a zuba a ciki. Takardar jarida da ta littafi a manta da su: tawada tana fita, takarda tana shan ruwa, kuma ba wanda ya san inda ta kwana. Farar ledar ƙulla sukari da gyaɗa ita ma ba ta magani ba ce. Abin da ya dace shi ne ƙaramar leda mai zif da aka yi don magani, mai farin fili na rubutu. Ita ma ta ɗan lokaci ce, kwana biyar zuwa mako guda. Maganin wata guda, kamar na hawan jini ko na sukari, in dole sai an ƙirga, kwalbar roba mai duhu da murfi mai ɗaurewa ake nema masa.

Ga wata ɗabi'a da nake gani har gobe, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kanta ya san ta. Ledar ta manne ta ƙi buɗewa, sai mutum ya lashi yatsa ya murza bakinta, ko ya kai ta baki ya hura. Ka tsaya ka duba: ka hura numfashinka da tururin bakinka a cikin jakar da za ka rufe maganin mara lafiya. Wanda ke tari ya aika da tarinsa gidan wani. Murza bakin ledar tsakanin busassun yatsu biyu, ko ka buɗe da bakin cokali. Kafin ka ja zif, matse iskar ciki ta fita.

Leda ɗaya, magani ɗaya. "Malam, haɗa mini na jiki da zazzaɓi" ita ce maganar da ta fi yawa a shagunanmu, kuma ita ce ta kai Baba maigadi inda ya kai. In aka haɗa kala biyar a ƙulli guda, wanda ya yi wa mutum illa ba za a san shi ba, likita ya tambaya me ka sha a rasa amsa, mai shan danshi kuma ya jiƙa sauran.

Babban gwangwanin nan mai ƙwaya 1000, rubuta ranar da ka buɗe shi a jikin murfi. Rufe shi da zarar ka ɗiba, ba sai layi ya ƙare ba. Kada ka juye sabon gwangwani a kan ragowar tsoho, domin ka haɗa rukuni biyu da wa'adi biyu. Ranar da NAFDAC ta ce a janye wani rukuni daga kasuwa, ba za ka san wanne ke hannunka ba.

Shagon kansa: katakon jera magani ya ɗaga daga ƙasa saboda ambaliya, ya ɗan ja baya daga bangon da ke tsatsafo da ruwa, kada na sama ya kusanci rufin kwano. Gilashin nuni da rana ke duka da yamma tanda ce, a jera sabulu da auduga a cikinsa, ba magani ba. Rataye ma'aunin zafi a bango. In ka ga yana haura 30°C kullum da rana, ka san lokacin silin da fanka ya yi.

Mataki na biyar: rubutu

Ambulan da ba rubutu, ko da an zuba da cokalin zinariya, haɗari ne. A rubuta sunan maganin cikakke da ƙarfinsa, misali amlodifin 5mg, da sunan mai shi, da guda nawa sau nawa, da ranar da aka bayar, da wa'adin da ke jikin gwangwanin. A rubuta kafin a zuba, da biro ko maka da ba ya gogewa.

Zane uku da ake ja, ɗaya-ɗaya-ɗaya, ba kowa ke fahimta ba. Ni da lokutan salla nake bayani, kuma Legas ta sauƙaƙa wannan don lokutanta ba sa motsawa sosai a shekara. Sau biyu a rana: bayan an idar da Asuba gari ya waye, da kuma bayan Magariba, kusan awa goma sha biyu ke nan. Sau uku, musamman maganin kashe ƙwayoyin cuta: shida na safe, biyu na rana bayan Azahar, goma na dare. Ba safe da rana da yamma a cunkushe ba, a bar dare duka babu magani a jini. Wanda ba ya karanta boko a rubuta masa da ajami, ko a zana rana da wata. Sannan ka ce ya maimaita maka. "Hajiya, to gaya mini yadda za ki sha." A nan kuskure ke fitowa, kafin ya bar shago.

Mataki na shida: a gida

Yawancinmu ɗaki ɗaya muke haya, a nan ake kwana, a nan risho yake, a nan ake shanya in ana ruwa. Duk da haka akwai wurin da ya fi wani. Nemi robar abinci mai murfi da ke kamawa gam, wankakkiya busasshiya, ka zuba magungunan a ciki da kwalayensu da takardar bayaninsu. In kana da ɗan ƙunshin shanye danshi daga kwalbar da ba ta daɗe da ƙarewa ba, jefa shi ciki. Ɗora robar a saman kabad ko cikin akwati mai makulli, nesa da taga, nesa da wurin girki. Kan firji da kan talabijin suna ɗumi. Ƙarƙashin matashi da katifa akwai gumi. Banɗaki kuwa ba a ma maganarsa. Robar za ta kuma raba ka da kyankyaso da tururuwa, masu son zaƙin da ake shafa wa wasu ƙwayoyi.

Firji fa? Mutane suna ganin gata ne. In ba an rubuta a kwali cewa a sa a firji ba, kada ka sa ƙwaya a ciki. A ɗauke wuta, firji ya huce, a dawo da ita, ya sake sanyi; kowane zagaye raɓa ce ke sauka a jikin kati. Insulin da wasu magungunan ruwa ne ke son firji, su ma ba gidan ƙanƙara ba.

Lokacin sha, busasshen hannu. Daga kati, tura ƙwayar kai tsaye cikin tafin hannu ko ƙaramin kofi. Daga kwalba, karkata ta a cikin murfi ka ɗauki ɗaya, maimakon zube goma a hannu a mayar da tara. In likita ya ce rabi, raba guda ɗaya kawai, ka sha rabin na biyu a karo na gaba. Wadda aka rubuta SR ko XL ko CR a sunanta, wato mai sakin maganin a hankali cikin jiki, ko mai rufin da ke hana ta narkewa a ciki sai a hanji, ba a raba ta ba a daka ta sai an tambaya.

Wata magana da ba a cika yi a fili ba. Masu shan maganin HIV da yawa suna juye shi daga kwalbarsa zuwa leda don kada abokan zama su gane. Na fahimci dalilin, gidan haya ba sirri. Amma wannan magani ne na kullum da ba a so ƙarfinsa ya ragu ko kaɗan, kuma kwalbar da abin shanye danshinta suna cikin kariyarsa. Gara a sa kwalbar gaba ɗaya a cikin safa ko ƙaramar jaka mai zif. In ƙarar ƙwayoyin ce damuwa, safar tana rage ta.

Mataki na bakwai: mai fita tun asuba

Ɗan acaɓa, direban tirela a Apapa, mai shayi, maigadi, duk a waje suke wuni. Kada a ɗauki kwalin wata guda a fita da shi. Yanki na ranar daga kati da almakashi, yana rufe, ka sa a ƙaramar roba mai murfi, ka sa a jaka. Aljihun ƙirji a ƙarƙashin rigar ruwa gumi ne zalla. Gaban mota da akwatin babur kuwa sun fi ko'ina zafi da rana.

Akwatin nan mai gida bakwai na kwanakin mako yana taimakon dattawa masu shan magani kala uku ko huɗu. A cika na mako ɗaya tak, a wanke shi a busar kafin a sake cikawa, a ajiye kwalayen asali don a san me ke ciki. Duk ƙwayar da ta zo a alminiyon gaba da baya, a yanko ta da gidanta a sa a ramin, kada a ɓalle. Balfurowet na farfaɗiya da ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su yi kumfa ba sa shiga wannan akwati tsirara.

Mai tafiya gida da Salla, maganinsa ya zauna a jakar hannu, kada ya bi buhu zuwa saman mota ko kusa da inji.

Yara

Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu ja ce, mai sheƙi, mai zaƙi a baki, ba ta da maraba da alewa a idon ɗan shekara biyu, kuma kaɗan daga cikinta na iya kashe shi. Jakar hannun uwa da ta kaka ita ce inda yara suka fi samun ta. Murfin da sai an danna kafin a murɗa yana jinkirta yaro ne kawai, tsawo da makulli su ne kariya. Kada a ce wa yaro magani alewa ne don ya karɓa. In ya haɗiya, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A ɗauke shi da kwalin zuwa asibiti mafi kusa nan take, ko da yana wasa, domin gubar ƙarin jini da ta farasitamol sukan yi shiru kafin su bayyana. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

Wanda ya lalace

Ƙwayar da ta canza launi, ta yi ɗigo-ɗigo, ta kumbura, ta tsage ko take marmashewa, ta gama aiki. Kafson da ya yi laushi ko ya manne da ɗan'uwansa haka. Asfirin in ya lalace warin tsami yake yi kamar binega, da ka buɗe kwalba za ka ji. Katin da raminsa ya kumbura ko alminiyonsa ya ɗago shi ma a fitar da shi. Sai dai wani maganin yana rasa ƙarfi ba tare da ya nuna komai ba, don haka wanda ya kwana a ruwan ambaliya, ko wanda ba a san sunansa ba, ba a tsaya duba kyansa.

Tambayi famasin unguwa ko suna karɓar irin wannan. In ba sa karɓa, ɓalle ƙwayoyin, cakuɗa su da jiƙaƙƙen toka ko ganyen shayin da aka gama da shi, ƙulle a leda, sa a shara. Kada a zuba a kwata, don ƙarshenta tafki ne. Kwalin da kwalbar kuma a yayyaga, a kankare sunan, a huda robar. 'Yan'uwanmu da ke tsince-tsince a bolar Olusosun ta Ojota da yaran unguwa suna cin karo da abin da muka zubar, kuma kwali mai kyau da ba a yaga ba shi masu jabu ke nema su sake cikawa.

Baba maigadi dai ranar ban sayar masa da komai ba. Na ce ya koma asibitin da aka fara duba shi a sake rubuta masa, ya zo da takardar. Bayan kwana biyu ya dawo, na ba shi katuna biyu cikakku a kwalayensu, na rubuta komai a jiki. Ya juya kwalin sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, wannan rubutun naku ai sai ku." Ajamina ba shi da kyau, sai na leƙa waje na kira mai shayin da ke gefenmu, wanda ya yi allo a Zariya. Ya goge hannu a zaninsa, ya karɓi biro, ya rubuta "bayan Asuba, guda ɗaya" a kan na hawan jinin. Baba ya karanta da ƙarfi sau biyu, ya zaro wata tsohuwar robar man shafawa da ya wanke ya busar, ya gwada kwalin a bakinta. Bai shiga ba, sai da muka nemo masa babba.